Auren jinsi da dokar Gana: amsa ga Hajiya ta Aboabo

Tambaya: Wata Hajiya daga Aboabo a nan Kumasi, wadda ke shugabantar ƙungiyar mata masu adashi, ta aiko da wannan: "Lauya, gardama ta kaure a taronmu. Wasu sun ce tunda tsohon shugaban ƙasa bai sa hannu a dokar da majalisa ta yi kan luwaɗi da maɗigo ba, to auren jinsi ya halatta a Gana ke nan, har za a iya tilasta wa limamai su ɗaura. Wata kuma ta ce in mutum ya ɗauro irin wannan aure a Turai ya dawo gida, dole gwamnati ta karɓa. Mene ne gaskiya? Mu iyaye hankalinmu a tashe yake."

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na 'yan ƙungiya. Auren jinsi bai halatta a Gana ba, bai taɓa halatta ba, kuma rashin sa hannun shugaban ƙasa bai buɗe masa ƙofa ko ta allura ba. Babu wani ƙuduri da aka taɓa kai wa majalisa don a halatta shi, babu kuma wata babbar jam'iyya da ta sa shi cikin alkawuranta. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne an cakuɗa magana biyu. Akwai maganar wa doka ta yarda ya auri wa, akwai kuma maganar wa za a kai kurkuku, a kan wane laifi, na shekara nawa. Ƙudurin da ake ta cece-kuce a kai, yawancinsa a kan ta biyun yake.

A ƙasar nan hanyoyi uku ne ake ƙulla auren da hukuma ta sani. Na farko auren gargajiya, wanda dangin namiji ke zuwa neman mace a wurin danginta bisa al'adar ƙabilarsu. Na biyu auren odinans, wanda mutanenmu ke ce wa auren kotu ko auren coci. Dokarsa ta faro tun 1884, ana liƙa sanarwa kwana 21 kafin a ɗaura, kuma mace ɗaya tak ya yarda da ita. Na uku namu, auren Musulmi, wanda aka yi masa doka a 1907. A nan dokar da bakinta ta lissafa waɗanda za su je rajista: ango, waliyyin amarya, shaidu biyu, da limamin da ke da lasisi. Duba ko'ina cikin ukun nan, miji da mata za ki gani. Bayan haka, kotunanmu sun gaji ma'anar aure daga shari'ar Ingila, inda wani alƙali a 1866, a shari'ar da ake kira Hyde da Hyde, ya ce aure haɗuwa ce ta namiji ɗaya da mace ɗaya. Ingila ta sauya tata dokar a 2013, Gana ba ta sauya ba. Saboda haka ko maza biyu sun je ofishin rajistar aure na hukumar birnin Kumasi, ma'aikacin da ke zaune a wurin ba shi da hurumin ba su takarda, in ma ya bayar ba ta da daraja a gaban alƙali.

Sannan akwai dokar laifuka ta 1960, sashe na 104, wadda ta hana abin da ta kira saduwa ta hanyar da ta saɓa wa ɗabi'a. In da yardar juna aka yi, tsakanin waɗanda suka kai shekara 16, ƙaramin laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara uku. In babu yarda, hukuncinsa daidai yake da na fyaɗe, daga shekara 5 zuwa 25. Wannan sashe tun zamanin Turawan mulkin mallaka tushensa yake, kuma yana nan da ransa. Wani malamin shari'a, Dakta Prince Obiri-Korang, ya ƙalubalance shi yana cewa ya keta haƙƙin sirri da tsarin mulki ya ba kowa, amma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar. Ki lura da abu ɗaya, domin zai yi mana amfani nan gaba: sashen aiki yake hukuntawa, aikin da aka tabbatar da shi a kotu. Bai hukunta tafiyar mutum ko muryarsa ko irin rigar da ya sa ba.

Shi kuwa ƙudurin da kuke magana, ga yadda ya faro. A ƙarshen Janairun 2021 wata ƙungiya ta buɗe ofishi a Ankara, babban birninmu, don masu neman jinsi, wasu jakadun ƙasashen waje suka halarci bikin, hotuna suka bazu, ƙasa ta ɗau zafi. Kafin wata ya cika 'yan sanda suka rufe wurin. A cikin shekarar ne 'yan majalisa takwas, da Sam George na Ningo-Prampram a gaba, suka shigar da ƙudurin kare mutuncin iyali. Cikinsu akwai Alhassan Suhuyini na Tamale ta Arewa. Ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da manyan majami'u da sarakunan gargajiya suka mara masa baya. Majalisa ta zartar da shi ranar 28 ga Fabrairun 2024. Ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku ga wanda ya bayyana kansa a matsayin mai neman jinsi, da shekara uku zuwa biyar ga mai tallata abin ko ɗaukar nauyin ƙungiyoyinsa.

Daga nan ne ya maƙale. Ma'aikatar kuɗi ta rubuta cewa in ya zama doka Gana na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya cikin shekara biyar zuwa shida, a lokacin da ƙasa ke fama da bashi. Mutum biyu, Richard Dela Sky da Dakta Amanda Odoi, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ɗaya daga cikin hujjojin shi ne sashe na 108 na tsarin mulki ya hana ɗan majalisa kawo ƙudurin da zai ci kuɗin baitulmali, sai ta hannun shugaban ƙasa. Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ce zai jira kotu kafin ya sa hannu. Ranar 18 ga Disambar 2024 kotu ta kori ƙararrakin biyu, ta ce ba a ƙalubalantar abin da bai riga ya zama doka ba. Makonni kaɗan bayan haka wa'adin majalisa ta takwas ya ƙare a Janairun 2025, ƙudurin ya mutu tare da ita, kamar yadda duk ƙudurin da bai kammala ba yake mutuwa. Shugaba Mahama ya ce ya fi son a kawo shi da sunan gwamnati, wasu 'yan majalisa kuma suka sake shigar da shi a farkon 2025. Ko ya wuce ko bai wuce ba, dokokin auren da na faɗa miki suna nan yadda suke. Shi kansa Akufo-Addo, wanda ake zargi da jan ƙafa, ya tsaya a wata coci a Asante Mampong a Fabrairun 2021 ya ce ba a zamanin mulkinsa za a halatta auren jinsi ba.

Zai kyautu ku san yadda abin ya shiga ƙasashen da ya shiga, don ku auna da kanku ko muna kusa. Holan ce ta fara a 2001, ta hanyar majalisa. Ayilan ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2015, jama'a suka amince. Amurka kuwa Kotun Ƙoli ce ta yanke a watan Yuni na 2015, da alƙalai biyar a kan huɗu. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai, a 2006, kuma dalilinta a rubuce yake: tsarin mulkinsu na 1996 ya ambaci karkatar sha'awar mutum ƙarara cikin abubuwan da ba a nuna wariya a kansu, sai kotunsu ta kama wannan igiyar ta ja. Namu na 1992, a sashe na 17, ya lissafa jinsi, launin fata, ƙabila, addini, aƙida da matsayin arziki, bai kawo wancan ba. Hanyar majalisa a toshe take, tunda a 2024 majalisarmu ce ta zartar da ƙudurin tsanantawa ba tare da wani ya miƙe ya ƙi ba. Hanyar ƙuri'a ta fi toshewa, domin binciken ra'ayin jama'a da cibiyar Afrobarometer ta yi a 2019 ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Gana ba sa ma son maƙwabtaka da mai neman jinsi, balle su amince da aurensa. Hanyar kotu kuwa mun ga abin da ta yanke a 2024.

Masu goyon bayan auren a waɗancan ƙasashe suna da hujjarsu, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take, don wanda bai san hujjar abokin gardamarsa ba bai shirya ba. Cewa suke a wurin gwamnati aure yarjejeniya ce mai ɗauke da haƙƙoƙi: gado, fansho, izinin zama a ƙasa, da wanda zai sa hannu in mutum yana kwance rai a hannun Allah a asibiti. Suna cewa baligai biyu da suka yarda da juna bai kamata gwamnati ta hana su waɗannan ba saboda addinin wasu. Amsarmu ita ce aure ya girmi gwamnati, ba ita ta ƙirƙiro shi ba, balle ta sake masa fasali. A wurinmu dangi biyu ake haɗawa, a kansa nasaba take tsayawa, da gado, da muharramaka, da sunan da za a raɗa wa yaro ranar bakwai. Ni Musulmi ne kuma a nan nake tsaye. Ayoyin mutanen Annabi Luɗu a Suratul A'arafi da Suratush Shu'ara ba su bar wurin tawili ba, kuma babu wata mazhaba cikin huɗun nan da ta san ɗaurin aure tsakanin namiji da namiji ko mace da mace.

Batun limamai kuma, babu mai tilasta musu. Sashe na 21 na tsarin mulki ya kare 'yancin addini da yin aiki da shi. Hatta a ƙasashen da suka halatta, kamar Kanada a 2005 da Ingila a 2013, an rubuta cikin dokar kanta cewa ba za a tilasta wa malamin addini ɗaura auren da ya saɓa wa aƙidarsa ba.

Wanda ya ɗauro a waje fa? Takardarsa tana aiki a inda aka ba shi. Ƙa'idar da kotunanmu ke bi ita ce ana karɓar auren ƙasar waje in bai ci karo da tsarin da ƙasa ta ginu a kai ba, kuma cancantar mutum ya yi aure ana auna ta da dokar ƙasar da take mazauninsa na asali. Auren da babu gurbinsa a dokarmu ba ya ba da matsayin miji ko mata a nan, ba a rabon gado ba, ba a neman takardar zama ba. Na san inda wannan magana ta samo asali: a Namibiya, a 2023, Kotun Ƙoli ta umarci hukumar shige da fice ta amince da irin wannan aure da aka ɗauro a waje. Wannan hukuncin Namibiya ne a kan tsarin mulkin Namibiya, ba ya hawa kan alƙalin Gana.

Matsin lamba daga waje gaskiya ne, kada wani ya ce muku mafarki kuke. A 2011 firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi, marigayi Atta Mills ya mayar masa da cewa ba zai taɓa goyon bayan halatta shi ba. Da Yuganda ta yi tata dokar mai tsanani a 2023, Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon rance. Abin yana yi mini ciwo, domin ƙasar da sai ta leƙa aljihun mai ba ta bashi kafin ta yanke shawara a kan tarbiyyar 'ya'yanta, akwai saura a 'yancinta. Sai dai ko su masu matsin, abin da suke nema a wurinmu a daina ɗaurewa ne, ba su kai ga neman a ɗaura aure ba.

Yanzu, Hajiya, ki ba ni dama in faɗi abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba amma ya fi kusa da ƙofar gidajenku. Ba duk wanda ya soki ƙudurin ne yake son auren jinsi ba. Lauyoyi da malaman jami'a irin su Akoto Ampaw, Farfesa Audrey Gadzekpo da Farfesa Takyiwaa Manuh sun ce matsalarsu ita ce ya taɓa 'yancin magana da na taro, kuma yana hukunta mutum a kan abin da aka ce shi ne, ko da ba a kama shi da aikata komai ba. Kadinal Peter Turkson, wanda cocinsa ba ta yarda da auren jinsi ba, ya ce a 2023 bai ga dalilin mayar da mutum mai laifi a kan haka kawai ba. Daftarin farko na 2021 har ya ɗora wa kowa wajibin kai rahoto in ya san wani. A nan ne ni ma na tsaya na yi tunani, saboda na san unguwanninmu. Gida ɗaya mai ɗaki goma sha, iyali goma sha, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya, ga kishi, ga rikicin haya, ga bashin da ba a biya ba. Ki ba mutanen da ke zaune haka dokar da ke cewa "kai rahoton maƙwabcinka", ki ga wanda za a fara kaiwa.

Wata uwa ta taɓa shigowa ofishina da ɗanta, saurayi mai koyon ɗinki. Ta ajiye wayarta a kan tebur, hannunta na rawa, ta kunna mini saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Muryar wani ce yana kiran sunan yaron da unguwarsu, yana cewa a yi hattara da shi, an haɗa da hotonsa na ranar Sallah. Yaron yana da sanyin murya, a cikin 'yan'uwa mata ya tashi, wannan ita ce duk hujjar. Da muka bi diddigi, sai ga shi yaron na bin mai muryar bashi, ya kuma matsa masa ya biya. Kafin gaskiya ta fito maigidansa ya sallame shi, masu kawo ɗinki sun janye, an yi masa jifa a hanyar masallaci. Duk zaman da muka yi bai ɗaga kai ba, yana ta murza tef ɗin awo a yatsansa. Mun samu wanda ya yi ƙazafin ya janye a gaban mai unguwa da liman, amma saƙon janyewar bai yi rabin tafiyar da na farkon ya yi ba.

Addinin da ya haramta luwaɗi shi ne ya ce a Suratul Hujurati kada ku yi bincike a kan asirin juna, ku nisanci yawan zato. Shi ne a Suratun Nur ya sa bulala tamanin ga wanda ya jefi mutum da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, ya kuma soke shaidarsa. Iyayenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba a ɗaukar rabin hukuncin Allah a bar rabi. Kuma ko a ƙasar da ake aiki da shari'ar Musulunci, alƙali ne ke yanke hukunci, ba samarin majalisar shan ataya ba. A 2015 wani gungun matasa a Nima sun yi wa wani mutum dukan kawo wuƙa bisa zargin luwaɗi, suka ɗauki bidiyo suna alfahari. A dokar Gana wannan duka laifi ne, in an yi rauni babba ne, in rai ya fita kisan kai ne, kuma babu alƙalin da zai karɓi "ai ɗan luwaɗi ne" a matsayin kariya. Ku tuna da Manjo Maxwell Mahama, da taron jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. A Janairun 2024 mutum 12 aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Ku gaya wa 'ya'yanku maza wannan da babbar murya. Haka nan masu yaudarar mutum ta waya su kira shi wani ɗaki, su tuɓe shi, su ɗauki hoto, su ce ya biya ko su tona, wannan ƙwace ne da barazana, ko wane ne aka yi wa.

In kuwa abin a cikin gida ya ɓullo, uwa ta ga alama ko yaro ya buɗe baki ya faɗa mata, roƙona shi ne kada a kore shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka jefa wa kayansa waje da dare, tasha zai kwana, kuma waɗanda za su tsince shi a can ba masu yi masa nasiha ba ne. Kada kuma a yi masa auren dole don rufin asiri, domin 'yar mutane ce za ta ɗauki wahalar, kuma dokar yara ta 1998 ta haramta tilasta wa wanda bai kai 18 ba aure ko baiko. A nemi malami mai riƙon sirri da sanyin hali, a ci gaba da ciyar da shi, a bar masa ƙofar gida da ta masallaci a buɗe. In kuwa wani babba ne ke lalata da yaro ƙarami, namiji ko mace, wannan ba maganar sulhu a zaure ba ce. A kai sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, wato DOVVSU, a kuma kai yaron asibiti a ranar.

Tunda ƙungiyarku ta damu da kare aure, ga wani aiki da ke hannunku. Dokar auren Musulmi ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya da ɗaurawa, a ofishin shugaban gunduma ko na birni, in an wuce sai an nemi izinin Babbar Kotu. Mafi yawan aurarrakin zango ba su da wannan rajista. An raba goro da dabino, an yi fatiha, an watse, takardar da masallaci ya bayar kuma ba ita doka ke nufi ba. Ranar da miji ya rasu, ko aka zo rabon gida, ko neman biza, sai matar ta koma neman shaidun da za su tabbatar wa kotu cewa aƙalla auren gargajiya ne a tsakaninsu. Sannan tun 1985, Musulmin da ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar gado ta gwamnatin sojan PNDC mai lamba 111 ce ke hawa kan dukiyarsa in magana ta je kotu, ba rabon Suratun Nisa'i ba. A taronku na gaba ki tambayi mata nawa ne ke da takardar rajista, ki kuma tambayi limamin unguwa ko yana da lasisin ɗaurin aure daga hukuma. Waɗanda ba su da ita su haɗa sunayensu wuri ɗaya, a nemi lauya ya shigar musu da buƙatar a Babbar Kotu, tun mazajen da waliyyan da shaidun suna raye.